Baba Bao da Tukunyar da Ba Ta Buɗe Ba

Ni, limamin babban masallacin wannan unguwa ta garin Dali, nake sanar da jama'a cewa ranar Alhamis, tara ga Rajab, Allah Ya karɓi abinSa. Baba Bao Derong, mai renon kameliya, furen shayin nan, ya rasu bayan la'asar. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Baba, ba ka taɓa ba mutum shuka daga ya nuna ta da yatsa ba. Sai ka bi shi gida, ka ga inda inuwar katanga take faɗuwa, ka murza ƙasa, ka ɗanɗani ruwan rijiya. Wata amarya ta nace sai mai jan fure. Ka ce, "'Yata, tsakar gidanki rana ce zalla. Dasa barkono, shi ma ja ne."

Har yau ina mamaki. Me harshenka yake ji a ruwa wanda namu ba ya ji?

Akwai wata kameliya cikin tukunya a bayan ɗakinka, wadda ka yi wa aure da reshen da ka tsinko a kan dutse. Shekaru tana ganye kawai. Bana ta yi toho uku. Wani ɗan unguwa marar kunya ya tambaye ka launin da za ta fitar. Ka ce, "Kai da ko Tabara ba ka haɗa ba, gaibu kake so ka karanta? Ni ma jira nake."

Ba ka ga launin ba, Baba.

Yanzu gare ka, Jinhai, babban ɗan marigayi. Ka zo daga birnin Kunming, ka fito da tukwanen furanni cikin rana, har da ta bayan ɗakin, don masu zuwa cin gurasar sadaka su ga aikin mahaifinka. Niyya mai kyau ce. Amma safe da yamma kana shayar da su ruwan rijiya, ga randar ruwan saman da Baba yake ba su nan a rufe. Toho ɗaya cikin ukun nan ya riga ya faɗi. A matsayina na liman, na umarce ka ka mayar da su inuwa yau.

Allah Ya gafarta wa Baba Bao, Ya sanyaya makwancinsa, Ya sa shi a inuwar da ba ta gushewa. Ya ba Iya, matarsa, da 'ya'ya da jikoki haƙuri.

Yaya Jinhai, liman bai san da wannan rubutu ba. Ni ne Ding Ersa, marar kunyar nan. Jiya na gaya maka da bakina, ka ce in tafi da shaƙiyancina. In duka ne, na yarda, amma ka fara ɗauke tukunyar. Saura toho biyu, kuma ina so in gani.