Yaya Habu Mai Kare Masu Biyan Haraji

Duk wanda ya san yayana Habu a Gaya ya san kujerar robar nan da yake ɗaurewa a bayan babur. Yana da lasisin tsaya wa mutane a gaban hukumar haraji, amma bai taɓa zama a kujerar ofishinsu ba. Tasa yake kwancewa ya shiga da ita. In an yi masa magana sai ya ce, "Wanda ya zauna a kujerarka ba ya iya yi maka musu."

Kun tuna Malam Idi mai injin niƙa na Toranke? Wani sabon jami'i, ko garin bai taka ba, ya rubuta injin a matsayin masana'anta, aka yanka masa harajin da sai ya sayar da gonar gado kafin ya biya. Malam Idi ya zo gidanmu ido ya yi ja. Yaya ya ce masa, "Kada ka taɓa gonar nan. Gobe ka kwance injin."

Washegari sai ga adaidaita sahu a harabar ofis, an sauke inji. Yaya ya leƙa ya ce wa shugaban ofishin, "Ranka ya daɗe, na kawo masana'antar a duba." Ya sa Malam Idi ya ja igiya. Injin ya yi tari, ya turnuƙe harabar da hayaƙi, ya mutu.

"Ina ma'aikatan?" in ji shugaban, yana toshe hanci.

Yaya ya nuna Malam Idi. "Ga manaja, ga makanike, ga mai gadi. In ya tafi masallaci kamfani ya tashi."

Shugaban ya yi dariya har da share hawaye. A ranar aka mayar da Malam Idi sahun masu ƙananan sana'a, gona ta tsira.

Amma fa ba ya kare ƙarya. Wani Alhaji, dillalin hatsi, ya kawo masa rago, wai a manta da ɗaya daga cikin rumbunansa. Yaya ya zagaya ragon, ya taɓa ƙugunsa, ya ce, "Alhaji, da ma kana kiwo? To shi ma sai mu faɗa musu." Alhaji ya ja ragonsa ko sallama babu.

Ni kaina ban tsira ba. Ina sayar da man gyaɗa a kasuwar Ajingi, masu karɓar haraji kashi biyu suka sa ni gaba a kan rumfa ɗaya, har suka ce za su rufe ta. Na sami Yaya a tsakar gida yana shan koko, na fara bayani.

"Ba na aiki a tsakar gida. Je ki ofis."

Ofishin kuwa shagon ƙofar gida ne. Na fita, na zagaya, na yi sallama. Ya shigo ta ƙofar ciki yana goge baki.

"Sannu da zuwa, Hajiya. Sunanki?"

"Haba Yaya, kai ka goye ni fa."

"Wannan ba hujja ba ce."

Amma da ranar kasuwa ta zo, ya haɗa ɓangarorin biyu a gaban rumfata, ya ce kowa ya nuna dokar da ta ba shi izini. Ɗaya ya nuna, ɗaya ya yi ta sosa ƙeya. Daga ranar ba ni kaɗai ba, duk matan layin mai sau ɗaya muke biya. Guɗa suka yi ta rangaɗa masa, shi kuwa ya ce ladansa ƙulli ɗaya na ƙuliƙuli, mai yaji.

Da ya kwanta ciwon ajali, jami'an da ya hana sakat su ne suka cika mana zaure da dubiya. Shugabansu ya riƙe hannunsa ya ce, "Malam Habu, ofis ya yi shiru, ka tashi ka zo ka dame mu." Yaya ya yi murmushi.

Ya Allah, bawanKa Habu ya tsaya wa marasa baki ranar da ake tuhumarsu. Ka sauƙaƙa masa hisabi, Ka haskaka kabarinsa, Ka sa ya dace da ceton Manzo. Amin.