Ranar da Ibro Ya Ɓoye Fatun Tawa

Cikin duk shekarun da na yi ina aiki a ma'aikatar kula da dabbobi ta garin Tawa a Nijar, ranar da ba ta fita daga raina ita ce ranar da Baturen Ingila ya zo sayen fata. 'Yan shekaru ne bayan samun mulkin kai, ƙarshen bazara, hadari ya fara haɗowa.

Ni ne mai duba fatu a lokacin. Ga wanda bai san aikin ba, in an feɗe dabba a mahauta sai a wanke fatar, a miƙe ta a inuwa ta bushe, a barbaɗa mata maganin ƙwari. Sannan a kawo mini in raba mai kyau da mai rauni, in buga hatimi. Fatar da ba hatimi ba ta tsallaka iyaka, sai dai ta ɓarauniyar hanya, kuma kowa ya san ana yi.

Shef ɗinmu, wato shugaban ma'aikatar, ya tafi rangadin allurar shanu can arewacin Adar, ya bar mini ofis. Bayan la'asar sai ga babbar mota daga wajen Ƙonni, bakin iyakar Najeriya. Bature ya sauko, dogo, fuska ja wur, Faransancinsa bai wuce gaisuwa ba. Ni kuwa ko gaisuwar ban iya da Ingilishi ba. Sai na kira Ibro, masinjanmu, wanda ya taɓa haƙar kuza a Jos, kuma kullum yake ba mu labarin yadda yake hira da Turawa.

Kafin mu zauna dillalan fata sun cika rumfar ofis, Alhaji Mahamadu na Affala a gaba, don shi ya fi kowa ƙiragan shanu. Duk sun ƙagu su sayar kafin damina ta ɓata kaya. Bature ya yi dogon bayani, yana nuna sito, yana maimaita wata kalma: haid, haid.

Alhaji ya ce, “Ibro, mi yac ce?”

Ibro ya gyara hula, ya rage murya. “Ranka shi daɗe, cewa ya yi a ɓoye. Duka a ɓoye, kahin sahe.”

Na tambaye shi ko ya tabbata. Ya ce wannan kalma ba ya mantawa da ita, don duk ranar da suka labe a bayan dutse suna hutawa, ita shugaban lebura yake faɗa musu da tsawa. Aka tambayi dalilin ɓoyewar, Ibro ya ce ai Bature ya biyo ta iyaka, ƙila ya ji ma'aikatan duwan, wato kwastan, na tafe, shi ya sa yake yi mana gata. Alhaji ya kama hannun Bature ya yi ta godiya. Bature ya ji daɗi, ya tafi masauki.

Kafin magariba ba sauran fata a kasuwar Tawa. Wani ya cusa nasa cikin rumbun hatsi, wani ya zura a busasshiyar rijiya. Alhaji ya labta wa raƙuma ƙiragansa ya sallame su hanyar Takanamat. Har waɗanda na buga wa fatunsu hatimi da hannuna sun zo sito sun kwashe nasu.

Da safe Bature ya dawo da ma'auninsa, na buɗe masa sito, wayam. Ya dube ni, ya dubi Ibro, ya yi ta magana da sauri. Ibro ya ce yabo ne yake yi. Ni dai ban taɓa ganin mai yabo yana jifa da hularsa ba.

Can Bature ya hango buzun da mai gadinmu, wani dattijo, yake salla a kai. Ya ɗaga shi sama ya ce, “Haid!”

Ibro ya ce, “Baba, ya ce har wanga ma.”

Dattijo ya fizge buzunsa ya yi bayan ofis da gudu.

Bature ya kira direbansa ya tada mota. In ya tafi, kayan shekara guda sai ƙwari da ruwa. Na tare gabansa ina roƙo da hannu. Ya tsaya ya yi tunani, sai ya je bayan ƙofa ya tsuguna, ya leƙo ya ce haid. Ya fito, ya nufi wani sa da aka ɗaure don allura, ya shafa bayansa, ya ja fatar, ya sake cewa haid. Sannan ya ɗaga yatsu biyu, wato ma'ana biyu.

Na ga alamar Ibro ya gane kuskurensa. Amma ya juya wajen dillalai, ko gezau.

“Jama'a, Bature ya sake shawara. Ya ce yanzu a hito da su.”

Wuni muka yi ana tono. Na rijiya suka fito da ƙasa, na rumbu suka bar wa hatsi wari. Aka tura mai doki ya komo da raƙuman Alhaji. Bature ya saye abin da ya samu, farashi mai kyau, kuma ya ci gaba da zuwa. Da na tsare Ibro daga baya, cewa ya yi laifin Ingilishi ne: mu muna da fata, da ƙirgi, da buzu, su kuwa talauci ya sa sun haɗa ƙirgi da ɓuya a kalma ɗaya.

Abin da na koya, ku masu tasowa, shi ne in ciniki ya haɗa ku da wanda ba ku jin harshensa, ku sa ya taɓa kayan da hannunsa kafin kowa ya tashi. Na kuma gane 'yan fata: mai gaskiya da marar gaskiya, da an ambaci duwan gudunsu ɗaya ne. Mai gadinmu kuwa, har ya bar aiki, in ya ji ƙarar motar Bature sai ya naɗe buzunsa ya zauna a kai.