Gwangwanin Tumatir a Tsakar Gida

Wata huɗu maigidana ya yi bai leƙa ƙofar gida ba bayan an sallamo shi daga asibiti. Shanyewar ɓarin jiki ce, amma Allah ya taƙaita: baki ya dawo daidai, hannu yana riƙe cokali, ƙafar hagu kawai yake ja. Likita ya ce magani ɗaya ya rage, tafiya, in kuwa ya ci gaba da zama ƙafar za ta sandare. Shi kuma mutum ne da ya daɗe yana koyarwa a Karaye, bai yarda waɗanda ya koyar su gan shi yana jan ƙafa ba. Daga ɗaki sai gindin dalbejiya. Salla ma a gida.

Ƙaninsa direban wani ɗan kasuwa ne a Kano. Wata Juma'a ya zo mana garinmu Kurugu da sandar ƙarfe mai lanƙwasasshen kai, da farar ƙwallo guda ɗaya wadda ba ta kai ƙwan kaza ba.

"Yaya, ga wasan manya na kawo maka. Golf ake ce masa. Alhajina ya sayi sababbi, ya bar min wannan."

"Ni za ka kawo wa wasa? Da gemuna?"

"Ai masu yin sa duk sun girme ka. Ba gudu, ba tsalle. Ka buga, ka bi ta a ƙasa."

Ya sa na binne gwangwanin tumatir a tsakar gida, bakinsa daidai da ƙasa. Ya nuna yadda ake tsayuwa: a ware ƙafa, a sunkuyar da kai, ido a kan ƙwallo, ba a sa ƙarfi. Malam ya ce ya gani, ya jingine sandar a jikin rumbu. Kwana biyu da ita nake korar awaki.

A rana ta uku bayan la'asar ina tankaɗe na ji sanda ta daki ƙasa. Ban ɗaga kai ba. Ya sake, ya kuskure. A na uku ƙwallon ta tafi ƙarƙashin randa, ya ja ƙafa ya bi ta. Daga ranar kullum sai ya yi. Ƙarfi yake sa mata kamar mai faskare, sai da ya kwana biyar kafin ta faɗa gwangwani. Na ji ya ce alhamdu lillahi a hankali.

Ni kuma na shiga wani aiki. Kowace safiya in ina shara sai in tone gwangwanin in matsar da shi taku ɗaya wajen zaure, in cike tsohon ramin, in bi da tsintsiya. Abin ya ɗan tsaya min a rai, ko yaudara ce. Na yanke cewa in ya tambaye ni zan faɗi gaskiya. Bai tambaya ba. Sau ɗaya dai ya ce, "Tsakar gidan nan kamar ƙaruwa take yi." Na ce, "Ko?"

Cikin mako uku gwangwani ya kai bakin zaure. Zauren namu gangare ne zuwa waje, saboda ruwan damina. Wata Laraba ina tuyar ƙuli-ƙuli, ƙwallon ta wuce gwangwani, ta bi zaure, ta fice.

"Ke, taimaka ki ɗauko min."

"Malam, ga mai a wuta, ga hannuna cikin tunkuza."

Ba ƙarya na yi ba. Kuma ya san da maza a waje, a rumfar telan da ke kallon ƙofarmu, wanda taubashinsa ne. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya juya sandar ya dogara, ya shiga zaure. Na matsa jikin bango ina saurare.

"A'a! Wa nake gani?" muryar tela ce. "Takabar ta ƙare ke nan?"

"Ba ni ƙwallona, kai dai."

"Wannan ƙwan zabon? Jama'a ku ji min ƙafa, kamar tsohon keken ɗinkina."

Can na ji Malam ya ce, "Shi ma ai da ƙafa ɗaya kake taka shi, kuma shi ke ciyar da kai." Aka kwashe da dariya, wani ya ce a matsa wa Malam a kan benci.

Kasko ɗaya ya ƙone min a ranar. Bai shigo ba sai da aka idar da magariba, da shi a sahu. Ya zauna yana haki, ya ce in ɗora ruwan zafi, ƙafar na zogi. Ina gasa masa ya ce, "Gobe ki tone gwangwanin nan. Tela ya ce a kai shi gonarsa da aka cire gyaɗa, wai shi ma zai gwada."

"Gonar da ke bayan makaranta? Ai da nisa."

"Na sani," in ji shi. "Ƙara ruwan."