Kwalba daga gonar da autanmu ya yi aiki

Autanmu aikin gonar inabi ya yi a Italiya, can arewa cikin tuddai. Inna ta san inabi yake tsinka, amma ba mu taɓa gaya mata abin da ake yi da shi ba. Ni na sani, kuma duk ya kira ni a salula sai mun yi faɗa.

"Kai duk aikin duniya ka rasa sai na giya?"

"Yaya, wallahi ko ɗigo bai taɓa shiga bakina ba. Noma nake."

Daga nan sai ya kama ba ni labari, ko ina so ko ba na so. Wai ƙasar wurin fara ce kamar toka. Inabin ƙanana ne baƙaƙe, ba sa nuna sai sanyi ya fara. In an matse, a zuba a manyan gangunan itace, a rufe a ɗakin ƙasa shekara da shekaru. Tsohon mai gonar ya faɗa masa tana sabuwa bauri gare ta har ta ɗaure harshe, sai ta tsufa take laushi, ta yi ƙamshin busasshen fure da kwalta. Na ce kwalta? Allah ya sawwaƙe! Ya yi dariya ya ce, "Ba ke ce kike gane geron ƙauyen Rumbu daga na Maradi cikin fura ba? Su ma daga tudu zuwa tudu ɗanɗanon ya bambanta."

Bayan wata kaka ciwon ƙirji ya kwantar da shi, bai tashi ba. Can aka rufe shi. Ko rigarsa ba ta dawo mana ba.

Bara abokin aikinsa ya zo ganin gida. Ranar kasuwar Dakoro ya yi sallama a ƙofata, ya miƙo wani abu naɗe cikin tawul, kansa a ƙasa.

"Yaya, ki yi haƙuri. Tsohon nan mai gonar ne ya rantsar da ni. Ya ce kwalbar giya ce ta inabin da ɗan'uwanku ya tsinka a kakarsa ta ƙarshe, sai bana ta isa fitarwa."

Na tashi zan zage shi, sai dai na karɓa. Ba ta shayuwa, ba ta sayaruwa, ba ta zama a ɗakin da nake salla. Kuma ita kaɗai ce ta zo mana daga gare shi.

Na kai wa Inna, na faɗa mata gaskiya ina kuka. Ta karɓa, ta shafa kwalbar tun daga wuya har gindi.

"Hannunsa ya taɓa?"

"Abin da ke ciki ya taɓa, Inna."

Sai ta ce, "Je ki zubar a gonar ubanku. Kwalbar ki dawo mini da ita."

Gindin aduwa na zuba ta. Ja ce mai duhu, gefenta kamar jan bulo. Yashi ya shanye ta nan take, ƙamshin kawai ya taso, ga furen, ga kwaltar, yadda ya faɗa. Na durƙusa na ce, "Auta, ashe da gaskiyarka," babu mai amsa mini.

Inna ta wanke kwalbar da toka da ƙasa har hannunta ya yi fari. Na ɗauka man shanu za ta zuba. Har yau ba ta sa komai ciki ba, tana nan kusa da matashin kanta.