Daga Ƙarfe Shida zuwa Bakwai

Ranar Lahadi ta biyu a watan Nuwamba, shekarar da na shiga aji biyar, Baba ya dawo daga Yamai da kwali biyu ɗaure a bayan kabu-kabu. Ina tsakar gidanmu a Dogon Dutsi ina tsince tsakuwa a cikin wake lokacin da aka shigo da su. Kwamfuta ce, ko odinatar kamar yadda muke cewa, tsohuwa da aka yi aiki da ita a Faransa kafin ta zo kasuwa. Jikinta ya yi launin haƙorin tsoho, kuma a gefenta akwai ragowar wata takarda da aka ɓamɓare ba ta fita duka ba. Baba ya ɗora ta a kan teburin ɗakinsa, ya jona wayoyi ɗaya bayan ɗaya, yana hura ƙura daga kowane rami kafin ya soka. Na tsaya a bakin ƙofa da faifan wake a hannu, ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje. Bai juyo ba, amma ya ja kujerar katako ya ajiye kusa da tasa, ya ce, "Ke, taho ki gani."

Ni ce ɗiyar fari a gidanmu, kuma a wajenmu iyaye ba sa kiran sunan ɗan fari, ba sa wasa da shi a gaban mutane. Ban taɓa jin Baba ya ce Balkisa ba. "Ke" nake, ko "yarinyar ga" idan da Inna yake magana. Ƙannena kuwa suna hawa wuyansa, suna zura hannu a aljihunsa neman dabino. Ban ɗauki wannan a matsayin ƙiyayya ba, domin haka na ga ana yi a kowane gida na unguwarmu, amma ya haɗu da halina na rashin magana, sai ya zamana ni da Baba muna iya yin mako guda ba mu haɗa kalma goma ba. Na san sautin takalminsa, na san yadda yake naɗe hannun farar rigarsa ta ma'aikacin asibiti sau biyu, na san yana juya cokali a shayi sau bakwai. Ban san ko shi ya san wani abu game da ni ba.

Ranar nan ya yi mini bayani yana kallon gilashin na'urar, kamar da ita yake magana. Ya ce cikinta kamar gida ne, kuma zai yi ɗaki biyu. Ɗaya nasa, shi ne na maigida, mai kalmar sirri, wanda daga cikinsa ake gyara komai. Ɗayan nawa. Sai ya sa yatsa biyu ya fara buga haruffa a hankali, ina kallo suna fitowa ɗaya-ɗaya, har sunana ya cika. Ban taɓa tunanin ya san yadda ake rubuta shi ba. Na'urar ta kawo ƙananan hotuna don in zaɓi wanda zai tsaya a kan ɗakina, da fure da ƙwallo da kyanwa da wani jan kifi. Idona ya daɗe a kan kifin, sai kawai na ga ya danna shi. Daga nan ya buɗe wani jadawali mai gidaje-gidaje kamar gurbin dara, kwanakin mako a gefe, awoyi a sama. Ya ja linzamin na'urar ya shafe su duka da shuɗi, ya bar layi ɗaya fari daga ƙarfe shida zuwa bakwai na yamma, bayan an taso daga lekol, wato makarantar boko. Ya rufe wasanni ban da ɗaya, ya bar mini wajen rubutu da na zane. "In bakwai ta yi, da kanta za ta ruhe, ba sai an kore ki ba," in ji shi. Sannan ya ƙara da cewa, "Duk abin da kinka rubuta, maigida shina iya gani."

Bayan mako uku aka mayar da shi aiki wani ƙauye can gabas, tafiyar kwana biyu a mota, inda sai an hau tudun rairayi ake samun layin waya. Ya ce sai shekara ta kewayo zai samu hutu. Kafin ya tafi ya bar wa Inna saƙo a gabana: yarinyar ga ta riƙa rufe na'urar da zane, ta kuma kunna ta ko sau ɗaya a mako don kada ta mutu.

Tun daga lokacin yinina ya koma jiran ƙarfe shida. Da safe in share tsakar gida, in ba awaki dusa, in cika randa, in ɗauki allo da kaye, littafin rubutuna, in tafi lekol. Lokacin shan iska ƴan mata suna carafke da gaɗa a gindin dogonyaro, ni ina zaune a kan tushen itacen riƙe da takalmansu, domin kowa ya san ba na ɓatar da komai. Ba wanda yake korata, ba kuma wanda yake tunawa ya kira ni. Da an kaɗa ƙarfen tashi sai in bi lungun bayan kasuwa da sauri, in wanke ƙafa, in yaye zanen, in danna jan kifin. A cikin awa ɗin nan nake rubuta wa Baba duk abin da bakina ya kasa. Na gaya masa akuyarmu mai baƙin kunne ta haifi biyu, ɗaya bai tashi ba. Na gaya masa Mushe, malamin ajinmu, ya karanta rubutuna a gaban aji, na ji kamar ƙasa ta tsage na shiga. Na gaya masa tsagar bangon ɗakinsa ta ƙaru da faɗin yatsa. Idan aka kira magariba in tashi in yi salla in dawo da gudu, idan aka ɗauke wuta in zauna gaban baƙin gilashin har lokacin ya wuce. Kowace wasiƙa ina sa mata kwanan wata in ajiye. Da bakwai ta yi, ko ina tsakiyar kalma, sai gilashin ya koma kan hotuna biyu, nasa da nawa, gefe da gefe. Ban taɓa jin haushin rufewar ba. Ji nake kamar shi ne ya dafa kafaɗata ya ce ya isa haka, je ki taya Inna kwasar tuwo.

Wata Asabar a ƙarshen watan Maris, zafi ya fara tsanani, Baba ya bugo waya. Ƙannena suka yi ta ƙwace wayar suna ihu, sannan Inna ta miƙo mini. Na kara ta a kunne, na ji iska tana kaɗawa a can inda yake, na ji ya ce, "Ke ce? Ina lekol?" Ina da wasiƙu fiye da ɗari a ɗakinsa, amma harshena ya manne. Ya sake tambaya. Na yi shiru ina murza bakin zanena. Can ya ce, "To, tunda ba ki magana da ni, ba innarki." Na miƙa wayar na shiga bayan rumbu.

Washegari Lahadi da ƙarfe shida na danna kifin, ya ƙi buɗewa. Wani rubutu ya fito da Faransanci cewa ba a yarda mini shiga a wannan lokaci ba, wai in nemi mai kula da na'urar. Na sake dannawa har sau uku. Litinin haka, Talata haka. Ranar Talatar ce na lura da ɗan agogon na'urar yana nuna bakwai da minti biyar, alhali rana tana nan a kan jajayen duwatsun garinmu, ladan bai ko fara alwala ba. Na duba wayar Inna, shida da minti biyar. Wani ya tura agogon gaba da awa ɗaya cif. Ranar Laraba ba ma komawa lekol da yamma, don haka da ƙarfe biyar na gwada, ɗakina ya buɗe, wasiƙuna suna nan jere. Na nemi mayar da agogon, sai ta nuno sunan Baba da wani farin gurbi tana jiran kalmar sirrinsa.

A kaina lissafin ya fito sarai. Maigida kaɗai ke iya taɓa agogon. Yadda muryarsa take zuwa daga gabas ta cikin iska, haka hannunsa zai iya zuwa. Bai so ya ce mini a'a ƙiri-ƙiri ba, sai ya mayar da awata lokacin da ya san ina aji. Kakata tana yawan cewa, "Ɗan halas ba a ce mishi tashi, tabarma aka ja." An ja tabarma. Na rufe ɗakin da hannuna ban rubuta ko harafi ɗaya ba, na mayar da zanen. Ko ranakun Laraba da Asabar da Lahadi da nake gida da ƙarfe biyar, ban ƙara shiga ba.

Ban gaya wa kowa ba. Inna ba ta karanta Faransanci, ta kuma ji daɗin samun mai taya ta aiki da yamma. Ƙarfe shida ya zama lokacin da ban san inda zan sa kaina ba. In ɗauki tulu in tafi famfo ko randa a cike take, in zauna ina ƙirga tattabarun maƙwabta suna komawa ɗaki. Idan waya ta yi ƙara na ji Inna ta ce "Majo ne", sunan da ake kiran Baba saboda aikin asibiti, sai in sulale waje. Kowace Lahadi ina yaye zanen, in goge ƙura, in kunna na'urar kamar yadda ya ce, in dubi hotuna biyun nan na ɗan lokaci, in kashe.

Da aka yi babban hutu aka kai ni wajen Kaka a ƙauyenmu kusa da Kore Mairuwa. Can na yi damina. Ina bin bayan masu saran shuka ina jefa gero ina rufewa da diddige, ina kai fura gona a ka, ina tsinkar tafasa da yaɗiya a bakin hanya, da gero ya fara ido kuma ina korar tsuntsaye da gwangwani. Babu agogo a gidan Kaka, amma jikina ya san shida: lokacin da inuwar gawo take kai wa bakin rijiya, shanun Fulani suna gangarowa. A lokacin nake shirya wasiƙa a raina, in gyara ta, in bar ta ta tafi. Kaka ta lura ba na ci sosai. Ta shafa goshina, ta ce ko na gamu da iska a gindin tsamiya, ta turara mini wani itace mai ɗaci. Na bar ta ta yi, domin ya fi mini sauƙi a ce iska ce da na ce ubana ne.

Na dawo aka buɗe lekol, na shiga aji shida. Lahadin ƙarshe ta watan Oktoba, ana ta shigo da dammunan gero cikin gari, na kunna na'urar da hantsi kamar kullum. Agogonta ya nuna goma da rabi. Wayar Inna ma goma da rabi. Na yini ina kai da komo, na ƙona miya, Inna ta yi faɗa. Da shida ta yi na danna kifin, ya buɗe. Ranar nan wasiƙa ɗaya na rubuta har aka rufe ni. Na ba shi haƙuri, na ce ba raini ba ne ya hana ni magana, na ce na gane horon kuma na gode da ya yafe.

A watan Disamba ya zo hutu, ya rame, ya yi baƙi. Kwana biyu bayan zuwansa, da la'asar, ya shiga ɗaki ya kunna na'urar. Ina surfe a tsakar gida, ina jin ƙarar linzamin tana raguwa har ta tsaya. Ya daɗe. Da ya fito bai dube ni ba. Ya tsaya kusa da Inna a bakin murhu, ya ce da murya yadda zan ji, "Hwaɗa ma yarinyar ga ban taɓa agogon ga ba. Ban taɓa hushi da ita ba ko na yini guda." Inna ta dube shi ta dube ni, ba ta gane komai ba. Sai ya yi mata bayani cewa na'urar tana bin lokacin ƙasar da ta fito ne, su can suna tura agogo gaba da bazara su mayar da shi da kaka, kuma shi ne bai duba wajen ba ranar da ya haɗa ta. "Wata bakwai," ya ce, ya sake cewa, "wata bakwai." Ya koma ciki ya gyara. Ni dai taɓarya nake ɗagawa ina saukewa, ban san ko turmin nake samu ba.

Da shida na shiga ɗakina na tarar da wata wasiƙa a ƙasan tawa ta ƙarshe, wadda ba ni na rubuta ba. Layi huɗu ce. Ya tambayi ɗan akuyar da ya rayu, ya ce gobe zai toshe tsagar bangon, ya ce in ci gaba da rubutu. A samanta ya sa Balkisa.

Yanzu shekaru sun wuce, Baba ya rasu, na'urar ta daɗe da mutuwa, kuma har ya bar duniya ban ji sunana a bakinsa ba. Ina zaune a Yamai, a gidana kowa da wayarsa a hannu, ana magana da na nesa ido da ido, ba wanda ke jiran wata awa. Kwanan baya na buɗe wa ɗiyata ta fari nata ɗaki a kwamfutata. Kafin na taɓa jadawalin awoyin, sai da na duba lokacin wace ƙasa agogon yake bi. Ta tsaya a bayana tana surutu, ta zaɓi hotonta da kanta, ta yi gardama cewa awa ɗaya ta yi kaɗan. Na buga sunanta a hankali da yatsa biyu, sannan na juyo na kira shi da ƙarfi, har ta tambaye ni ko lafiya. Na ce lafiya lau. Har yanzu idan shida ta yi, nakan ji ina da abin da zan gaya wa Baba.