Ranar da Na Wanke Randunan Baba

Ranar Talata ce, saura kwana tara Babbar Sallah, a shekarar da nake aji biyar na firamare a Roni. Baba yana tsaye a ƙofar tsohon ɗakin da muke ajiye gyaɗa, ya rataya jaka, zai tafi Kanya Babba ta'aziyyar wani amininsa. Ya kira ni ya nuna mini kwamin simintin da ya gina a tsakiyar ɗakin, inda 'ya'yan kifin karfasa suke kai da kawowa. "Uwata," in ji shi, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, "kwana uku zan yi. Dusa cikin tafin hannu, safe da yamma. Ruwa kuma ki riƙa ɗiba kina zubawa a randar sama, kamar yadda kike ganin ina yi." Na maimaita masa sau biyu, sannan na tambaye shi ko tafin hannuna yake nufi ko nasa. Ya yi dariya, ya auna dusar a nasa, ya juye mini a murfin gwangwani don in riƙa gwadawa.

A lokacin babu wanda ya taɓa jin an kiwata kifi a cikin ɗaki a unguwarmu. Garinmu na duwatsu ne, kifi sai dai busasshe ranar kasuwa. Baba ya ga abin ne a wurin wani mutum da ke aiki a bakin dam a Kazaure, ya dawo da 'ya'yan kifi a tulu, ya kuma dawo da dabara. Ya kafa katako hawa uku a gefen kwamin, ya ɗora randa uku, kowacce da ƙaramin rami a gindi. Ta sama tsakuwa ce a ciki, ta tsakiya gawayi, ta ƙasa yashin rafi. Sai a ɗebi ruwan kwamin da bokiti a zuba a ta sama, ya yi ta tsiyaya har ya koma wurin kifin garau. Abokan hirarsa na gindin dalbejiya sun samu abin yi. Wani cikinsu ya ce, "Malam Idi ya sa kifi a ɗaki, saura ya shuka shinkafa a kan dutse." Baba ya yi musu alkawari cewa da kaka za su ci miyar kifin nan, kowa da nasa guda.

Ni ya bar wa amanar don yayyena maza suna gona, daga can su wuce yankan ciyawar ragon layya, kuma ya san halinsu na mantuwa. Ni ba na mantuwa, matsalata daban ce. Tun ina ƙarama nake komawa in duba ko na rufe akurkin kaji, alhali na san na rufe. Idan muna 'yar gala-gala a filin makaranta na taka layi ba wanda ya gani, ni da kaina nake fita. Kwano ɗaya sai in wanke shi sau uku. Inna takan kalle ni a bakin wurin wanke-wanke ta girgiza kai ta ce, "Ke dai wata rana ruwan ma sai kin wanke shi."

Washegari Laraba, malamin tsafta ya duba mana farce a layi, sannan ya shiga aji ya yi mana bayanin ƙwayoyin cuta. Ya ce duk inda muka ga yauƙi ko gansakuka a randa, to gidansu ke nan, kuma yarinyar kirki ba ta barin randa haka. Na dawo gida da maganar a kaina. Da na hau kujera zan zuba ruwa, sai na leƙa randar sama da kyau. Tsakuwar ta yi baƙi-baƙi, na taɓa na ji santsi kamar kuɓewa. Na ce a raina aikin gona ne ya hana Baba lura, kuma idan kifin suka kamu da cuta a hannuna, me zan ce masa? Inna tana tsakar gida tana surfen geron Sallah, ita kuwa ba ta shiga ɗakin saboda ƙarni. Ban tambaye ta ba. Na sauke randunan da ƙyar bayan na kwashe abin cikinsu a ƙwarya, na ɗauko sabulun salo da toka da soso, na zauna bayan ɗaki na dirje tsakuwar nan ɗaya bayan ɗaya. Gawayin ma na cuɗa shi, yashin na wanke shi kamar shinkafa. Da na mayar da komai, sai randunan suka yi fes, ni kuma na ji daɗin da ban taɓa ji ba.

Da safiyar Alhamis na tarar da kifin sun taru a saman ruwa suna buɗe baki, ga wata 'yar kumfa a gefen kwamin. Biyu sun juya ciki sama. Da wani yaro ne, da ya tsaya ya yi tunani. Ni abin da ya zo mini shi ne ban wanke da kyau ba, akwai sauran cuta. Na ƙi zuwa makaranta, na ce kaina ke ciwo, na sake sauke randunan na sake dirzawa, wannan karon na ƙara toka. Kafin la'asar na daina ƙirga waɗanda suka mutu. Ina tsamo su da ƙoƙo ina jerawa a tsohon buhu, ina kuka ba sauti don kada Inna ta ji.

Baba ya dawo ranar Juma'a da yamma. Ko ruwa bai sha ba ya nufi ɗakin, ina biye da shi. Ya daɗe yana kallon buhun. Sannan ya sa hannu a randar sama, ya ɗauko tsakuwa ɗaya, ya murza, ya kai hanci.

"Da me kika wanke, Uwata?"

"Sabulun salo da toka, Baba. Sau biyu."

"Sau biyu," in ji shi, ya zauna a bakin kwamin. "Wata uku na yi ina jiran yauƙin nan ya fito."

Ya yi mini bayani a hankali, kamar yadda mutumin bakin dam ya yi masa. A cikin yauƙin akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ne ke cinye ƙazantar kifi. Idan tsakuwa ta cushe, da ruwan kwamin ake ɗauraye ta sama-sama, sabulu kuwa ko warinsa kifi ba ya so, ga shi gawayi ya tsotse shi yana sakar musu. Na jira duka ko faɗa, ban samu ko ɗaya ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Laifina ne. Na gaya miki abin da za ki yi, ban gaya miki abin da za ki bari ba." Muka kwashe bakwai da suka rage muka sa a baho, muka binne sauran a gindin lemun tsami.

An yi masa dariya a gindin dalbejiya har bayan Sallah. Sai da na yi aure Inna ta gaya mini cewa bai taɓa ambaton sunana a wurin ba, cewa yake yi ruwan rijiyarmu ne bai karɓi kifin ba. Da kaka Inna ta dafa bakwai ɗin, aka kai wa abokan hirarsa a kwano ɗaya, suka gutsura suka raba. Daga nan kwamin ya koma wurin zuba ɓawon gyaɗa, Baba bai sake gwadawa ba har ya rasu.

Yanzu ina Kazaure, jikokina sun kai shekarun da nake da su a lokacin. A bayan gidanmu akwai wani dogon ɗaki da maigidana ya taɓa kiwon kaji a ciki, a nan aka gina mini kwami mai tsawon taku goma sha biyu, zurfinsa har ƙugu. Wata biyu ke nan ina tsara yadda za a tace ruwansa. Randa ba za ta iya ba, sai manyan durom na roba guda huɗu. Na farko babu komai a ciki, don laka ta kwanta a zubar da ita ta famfon ƙasa, na biyu soso da tsohuwar komar kamun kifi, na uku tsakuwa, na huɗu gawayi, injin sola ya riƙa jan ruwan yana zagayawa. Kullum ina tunanin me zai faru idan injin ya tsaya ana tsakiyar hadari, ko bututu ya toshe ina gidan biki. Mai haɗa mini famfon, Malam Habu, ya kalli littafin da nake zane a ciki ya ce, "Hajiya, wannan zane na bakwai ne fa, kifin nan za su tsufa a takarda." Daga ƙarshe dai na bar shi ya jera durom ɗin ya haɗa injin.

Da a ce Baba yana nan, da na zaunar da shi a bakin kwamin ya ji ƙarar ruwan da ba sai an ɗaga bokiti ba. Makon jiya na je gidan wata mata mai kiwon tarwaɗa, na roƙe ta bokiti ɗaya na tsakuwar matatarta, da yauƙinta da warinta. Na riƙe shi a cinya a cikin adaidaita sahu, ruwan yana ɗiga a zanena. Da na iso gida na wuce sabulu a bakin famfo, hannuna har ƙaiƙayi yake yi, na juye tsakuwar a durom na uku yadda take.