Daɓen Ɗakin Auta

Shekara talatin da huɗu ina kwaɓa wa mutumin nan siminti, kuma wallahi ban taɓa jin ya ce mini "ka iya" ba. In kwaɓin ya yi masa, sai ya ɗiba da cokalin gini ya ci gaba da jera bulo. In bai yi ba, sai ya juye mini abina a ƙasa ya tsaya yana kallon sama. Ni kuwa bakina ba ya shiru. In yi ta mita, in zagi yashi, in zagi direban da ya kawo yashin, shi ko gezau. Daga nan ya raɗa mini Sarkin Mita, sunan ya bi ni har bakin jikokina. Shi kuma Mai Igiya ake ce masa, domin ko bulo uku zai ɗora sai ya ja igiya, ya kanne ido ɗaya ya duba. Na sha ganin ya rushe layi biyar da hannunsa saboda karkatar da ko mai ginin bai lura da ita ba.

A kan salla ya tsara aikinsa. Sauran magina za a kira Azahar kwaɓi na jiƙe a ƙasa, su ce bari a cinye wannan tukuna. Shi tun hantsi yake duban inuwar bango, sai ka ji ya ce, "Mita, rabin buhu za ka yi." In ce, "Haba Maigida, rabin buhu ai wasan yara ne." Ladan na buɗe baki, cokalin ƙarshe na hawa bango. Sannan ya tsuguna bakin durom ya yi ta kankare busasshen siminti daga yatsunsa da ƙusa, wai kada ya hana ruwan alwala taɓa fata. Har jini na sha gani. Na ce masa Allah ai ya san magini ne kai, ya ce shi ya sa.

Gidansa yana ƙarshen layinmu, bayan injin niƙa. A ranakun hutu ya gina shi, ni ina kwaɓi ina tsine wa ranar da na san shi. Ƙa'idarsa ɗaya ce: duk ɗan da aka haifa masa, ranar da ya fara tafiya za a ja igiyar ɗakinsa. 'Ya'ya huɗu Allah ya ba shi, maza biyu mata biyu, ɗaki huɗu ke nan a jere suna kallon tsakar gida. Da muka zo kan na ƙaramar, wadda kowa ke kira Auta, na ce, "Maigida, 'ya mace ai gidan miji za ta. Ɗakin me kuma?" Ya ja igiyarsa ya ɗaure a turke, sannan ya ce, "Ta san tana da ƙofar da za ta buɗe ba sai ta nemi izinin kowa ba."

Bai yarda ko ɗayansu ya taɓa shebur ba. Sau ɗaya na ga ransa ya ɓaci da gaske, ranar da babban ɗansa ya tura mana baro don ya taimaka. Ya karɓe baron ya nuna masa hanyar makaranta. To, karatun ya karɓe su kuwa, ya kuma kwashe su ɗaya bayan ɗaya. Babban yana aikin ofis a wani birni mai kwana guda a mota, sauran ma kowa ya kama gabansa. Auta ce ta fi kusa, ita ma sai an yi tafiyar wuni.

Duk wannan da sauƙi lokacin da uwar yaran ke raye, don ita ce bakin gidan. In ta ga ya fara zagaya ɗakunan nan yana ƙwanƙwasa bango, sai ta ɗauki waya ta ce, "Kai, ubanku yana son ganinku, ku zo." Su kuwa su zo. Shekara shida ke nan da ta rasu, tun daga ranar babu mai fassara shi.

Ƙarfinmu ya ƙare kusan tare, muka bar hawa katakon gini. Ni ina da gida cike da hayaniya, har gudu nake yi in je wajensa in huta. Kullum in na shiga da safe zan tarar ya buɗe tagogin ɗakunan nan huɗu, ya share kowanne, ya kakkaɓe katifu. Sai ya shimfiɗa tabarmarsa a tsakar gida, ya ɗauki carbi, ya zauna yana fuskantar ƙofofin. Kwanon abincinsa ɗaya, cokali ɗaya, yana gamawa ya wanke ya kife. Shirun gidan nan har kunne yake toshewa. Ni da ba na rasa abin faɗa, in na zauna a wurin sai in ji maganata ta yi mini nauyi.

Kada a ce yaran ba su da kirki, don suna da shi. Duk Juma'a sai sun kira, kuma ba su bar shi ya nemi komai ba. Babban ya yi ta roƙonsa ya koma wurinsa da zama. Ya je sau ɗaya, ya yi mako biyu a saman bene, ya dawo ya ce mini bangon matattakalarsu a karkace yake, shi ya kasa barci.

Matsalar ita ce mutumin nan bai iya cewa "ina kewarka" ba. In kewar wani ta kama shi, sai ya ɗauki guduma ya shiga ɗakin wanda yake kewar ya nemo abin gyara. Ina zaune wata Juma'a ya ce wa Babban a waya, "Na sauya maka sakatar taga." Na ji muryar yaron yana cewa, "Baba, don Allah ka huta haka nan. Wa zai kwana a ciki?" Uban ya ce, "Haka ne." Ya ajiye wayar ya ci gaba da jan carbi. Raina ya ɓaci ƙwarai.

"Maigida, ka buɗe baki ka ce su zo mana! Ko haramun ne?"

"Suna da hidimarsu, Mita. Ban sa su makaranta don su dawo gadin tsoho ba."

Ana nan tari ya kama shi, numfashi ya fara yi masa wuya. Ni na raka shi asibiti. Likita ya ce ƙurar siminti ta shekaru ta cika masa ƙirji, zuciyar ma ta gaji, ya daina ɗaukar ko bokiti. Muna fitowa ya riƙe hannuna a bakin ƙofa ya ce, "Wannan magana tsakanina da kai ce. Amana." Na yi mita tun daga asibiti har gida, amma na ce to.

Wata Litinin da yamma sai ga shi a ƙofar gidana, hula a karkace, yana haki. Ban taɓa ganin ya yi sauri ba sai ranar. Ya ce Auta ta kira. An tura mijinta aiki wata ƙasa na shekara guda, ita kuma ta ce ba za ta zauna ita kaɗai ba, gida za ta dawo da yaranta biyu. Ranar Alhamis za ta taso.

"Shekara guda, Mita," ya ce. "Shekara guda cur."

Na ce Alhamdu lillahi, har na ji ƙwalla. Ya ce in taso mu duba ɗakin.

Ɗakin nan fes yake, ko ango ba zai raina shi ba. Amma sai da ya durƙusa ya bi daɓen da tafin hannu, lungu lungu, har ya samo wata tsaga siririya kamar zare daga bakin ƙofa zuwa ƙarƙashin gado. Na ce a shimfiɗa leda a kai, magana ta ƙare. Ya dube ni kamar na yi saɓo. Ya ce ƙaramin yaronta rarrafe yake yi, tsaga kuma in ta fara ba ta tsayawa. Fasa daɓen za a yi a sake.

Na tuna masa maganar likita. Ya ce ni zan fasa, shi shafe kawai zai yi. Ƙarya ce irin ta magina, na kuma san ƙarya ce. Ranar Talata tsofaffi biyu muka wuni muna dukan ƙasa, in na buga uku in tsaya in zagi gudumar, shi in ya buga ɗaya ya dafa bango ya yi tari. Ranar Laraba na kwaɓa, ya zuba, ya ja katako ya daidaita, ya bi da cokali har daɓen ya yi sumul yana sheƙi. Muka gama daidai kiran La'asar. Da muka dawo masallaci ya jiƙa tsofaffin buhuna ya lulluɓe shi, sannan na ga yana lissafi da yatsu.

Kowane magini a garin nan, kwana biyu zai ce maka a taka sabon daɓe. Shi kuwa tun da na san shi bakwai ne, ana ba shi ruwa safe da yamma, ko kaza ba ta shiga. Sai na ga ya ciro waya.

"Maigida, me za ka yi?"

"Zan ce ta ɗaga zuwa Alhamis ta sama."

"La ilaha illallahu! Ga ɗaki uku a buɗe, ga na uwarsu! Ta sauka a na Babban mana, kwana bakwai ne fa!"

"Ɗakin yayanta ne. Ita ma tana da nata. Ba za ta dawo gidan ubanta ta sauka kamar baƙuwa ba."

Na yi faɗa, na yi magiya, har na ce masa taurin kansa ya fi bulon da yake jerawa. Ya bari na gama, ya kira ta. Ina jin muryarta tana cewa ai ta riga ta ɗaure kaya, ko a tsakar gida ne za su kwana. Ya ce, "A'a uwata, daɓen bai yi ƙwari ba. Mako ɗaya ne." Yaran gidan nan ba a koya musu musu da shi ba. Ta ce, "To Baba, yadda ka ce."

Kwanakin da suka biyo baya, ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin haka ba. Ya dawo da tabarmarsa bakin ƙofar ɗakin. Ya yayyafa ruwa da safe, ya yayyafa da yamma, tsakani ya zauna yana ba ni labarin Auta: yadda take ɓoye masa igiyar awo don kada ya fita aiki, yadda ta taɓa cika masa aljihu da tsakuwa wai guzuri. Maganar da ya yi a kwana huɗun nan ta fi wadda ya yi mini a shekara goma. Amma ina ganin yadda yake ɗaukar bokitin, sai ya huta sau biyu tsakanin famfo da ƙofa. In na karɓa ya ce ban iya yayyafi ba, ambaliya nake yi.

Ranar Litinin, kwana na biyar, aka tayar da sallar Azahar babu shi a sahun gaba. Liman ya waiwayo ya dube ni. Ana sallamewa na fita ko takalmi ban saka daidai ba. Na same shi zaune a bakin ƙofar ɗakin, ya jingina da bango, hannun riga a naɗe, buta a gefensa. Ya yi alwala ke nan. Ruwan bai gama bushewa a gemunsa ba.

Kafin Magariba mun kai shi makwancinsa. Cikin 'ya'yansa babu wanda ya samu jana'iza, duk sai washegari suka iso. Gidan ya cika maƙil, yara na guje-guje, an buɗe ɗaki uku ana ta shimfiɗa. Abin da ya shekara shida yana jira ke nan. Ɗakin Auta kaɗai ke lulluɓe da buhuna, ita ta sauka a ɗakin uwarsu. Ni kuma na ci gaba da zuwa safe da yamma ina ba daɓen ruwa, don ban san abin da zan yi da hannuwana ba.

Babban ya same ni da bokiti ya ce, "Kawu, ka bar wahalar nan haka." Ai kuwa kamar ya taka mini gyambo. Na ajiye bokitin na wanke shi tas a gaban ƙannensa. Na ce duk sakatar da aka sauya, duk bangon da aka yi wa fenti, kiran ku ake yi, ku da karatunku kuka kasa ganewa. Na ce kun bar bawan Allah yana share ɗakunan da babu kowa. Ya sunkuyar da kai yana hawaye. Na tafi gida ina jin na faɗi gaskiya.

Ranar Alhamis da safe, ranar da ya ce ta zo, na kwashe buhunan. Daɓen ya yi kyau, ba zan ɓoye ba, duk aikinmu ban ga wanda ya kai shi ba. Ina tsaye sai na ji mutum a bayana. Auta ce, goye da ƙaramin, idanunta sun kumbura.

"Kawu, kwanakin sun cika?"

"Sun cika, 'yata."

Ta daɗe tana kallon ƙasan. Ta ce kayanta tun waccan Larabar suke a ɗaure a bakin ƙofa, ba ta kwance ba, kullum sai babban yaronta ya tambaye ta ko yau ne. Sannan ta juyo ta dube ni, ba da faɗa ba.

"Kai ka san ba shi da lafiya?"

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Wata huɗu. Ya ce amana ce."

"Kuma kana da lambata, Kawu."

"Ina da ita."

Ta jira ko zan ƙara wani abu. Sai ta cire takalmanta ta jera su a bakin ƙofa, ta shiga ɗakinta, ta mayar da ƙofa a hankali. Na tsaya a tsakar gida rungume da jiƙaƙƙun buhuna, ruwansu na zuba a kan ƙafafuna.